Tsohuwa Ta Fito Fes, Saura Ta Fita Unguwa

A ƙarshen shekarar 2020, daidai lokacin da annobar korona ta sa aka sake garƙame gidajen sinima a Ingila, kamfanin StudioCanal ya fitar da The Ladykillers a sabon faifai, bayan an yi masa gyara tun daga tushe albarkacin cikarsa shekara 65. Aikin ya cancanci jinjina. Ba irin abin da 'yan kasuwa suka saba ba ne, a ɗauko tsohon kaya a sauya masa kwali a ce sabo ne. Masu gyaran sun koma kan asalin zaren fim ɗin da kyamara ta ɗauka a 1955, suka bi shi hoto bayan hoto, suka share tabo da ƙarzuna, suka maido da launin inda ya zame. Duk wanda ya san fim ɗin a kaset ko a tsohon DVD, ranar da ya ga wannan bugun zai gane cewa shekara da shekaru rabin fim yake kallo.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Wata tsohuwa ce, Misis Wilberforce, mijinta kyaftin ne na jirgin ruwa da ya nutse tare da jirginsa shekaru da dama da suka wuce. Tana zaune ita kaɗai da akunta a wani gida da ya karkace tun ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross a Landan. Hotunan bango ba sa tsayawa daidai, famfo ba ya kawo ruwa sai ta ɗauki guduma ta bubbuga bututu. 'Yan sandan unguwa sun san ta sarai, domin kullum tana tafe da rahoton da ba shi da kai ba shi da gindi, su kuma su lallaɓa ta su rako ta bakin ƙofa, su bi ta da laimar da ta manta. Ta sa sanarwar ɗakin haya, sai ga wani mai kiran kansa Farfesa Marcus ya zo ya kama. Ya ce shi da abokansa huɗu makaɗa ne, suna son wurin gwajin kiɗan goge. A gaskiya 'yan fashi ne. Idan sun rufe ƙofa sai su ɗora faifan kiɗan Boccherini a kan garmaho, su baje taswira suna tsara yadda za su tare motar kuɗi.

Inda Farfesa ya nuna shi gwani ne shi ne da ya sa tsohuwar cikin shirin ba da saninta ba. Bayan sun kwashe fam 60,000 sun zuba a adaka sun ajiye a tasha, ita suka aika ta karɓo, don babu ɗan sandan da zai tsayar da irin wannan baiwar Allah. Lissafin ya yi daidai, har ya wuce yadda aka so: a hanya ta tsayar da tasi don ta ga wani mai tallan kayan marmari yana korar dokin da ke cin tuffarsa, rigima ta kaure, aka dangana da caji ofis, ƙarshenta 'yan sanda da kansu suka ɗauko adakar kuɗin sata suka kawo har gida. Asiri bai tonu ba sai da suka zo fita, igiyar akwatin ƙaton gogen ɗaya daga cikinsu ta maƙale a ƙofa, ya fizga, kuɗi suka watse a gaban tsohuwa.

Daga nan fim ɗin ya juya. Ta ce sai an mayar da kuɗin, kuma za ta gaya wa hukuma. Su kuma suka yanke shawarar a kashe ta. Maza biyar, tsohuwa ɗaya da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, amma aka rasa mai ɗaga hannu. Suka ja ƙuri'a da tsinken ashana. Wanda ta faɗa wa ya nemi gudu da kuɗin ta kan rufi, ya faɗo. Haka suka yi ta cin junansu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya mutu a ɗauke shi a kai bayan gida, a jira jirgin kaya ya zo wucewa a ƙasa, a sake shi cikin tarago, hayaƙi ya rufe. Na ƙarshe, Farfesa da kansa, ƙarfen siginar jirgi ne ya sauko ya kwaɗe shi a ka a daidai lokacin da yake murnar ya gama da kowa. Ita kuwa tana kan kujera tana barcinta. Washegari ta je ta faɗa wa 'yan sanda gaskiya tsantsa, suka ɗauka irin tatsuniyarta ce ta kullum, suka ce ta riƙe kuɗin.

Mutum biyar sun mutu, mai kallo yana ta dariya, kuma babu ɗigon jini ko ɗaya a allo. Wannan shi ne abin da ya sa har yau ake koyar da fim ɗin. Da Cibiyar Fim ta Birtaniya, BFI, ta jera finafinan ƙasar guda 100 mafiya daraja a 1999, ya zo na 13. William Rose, wanda ya rubuta labarin, ya ce a mafarki ya gan shi daga farko har ƙarshe. Ya samu kyautar BAFTA a kansa, aka kuma sa sunansa a takarar Oscar. Alec Guinness ya fito a Farfesa da haƙoran roba masu turo leɓe da wani dogon mayafin wuya da tsohuwar ke yawan takawa. Peter Sellers, wanda a lokacin an fi saninsa a rediyo, a nan ya fara samun babban matsayi a fim, tare da Herbert Lom, wanda daga baya za su sake haɗuwa a jerin Pink Panther. Amma duk taron nan Katie Johnson ce ta cinye su. An haife ta a 1878, ta shafe rayuwarta tana fitowa a ƙananan matsayi, sai da ta haura shekara 75 sannan aka ba ta wannan. Ta karɓi BAFTA ta gwarzuwar 'yar wasan Birtaniya, ta rasu a 1957. Ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya don ta ba da dariya. Tsayuwa kawai take yi da 'yar hularta, ta kalli ƙaton ɗan damben da ke cikin 'yan fashin kamar yaron da ya zo makaranta bai wanke fuska ba, shi kuma ya sunkuyar da kai.

To me ya sa gyaran launi ya zama babban abu a fim irin wannan? Amsar tana cikin kyamarar da aka yi aikin da ita. The Ladykillers yana cikin finafinan ƙarshe da aka ɗauka a Birtaniya da tsarin Technicolor mai zare uku. Kyamarar ƙatuwa ce, a cikinta akwai gilashin da ke raba hasken da ya shigo, ya aika shi kan zare uku na baƙi da fari: ɗaya ya riƙe rabon kore, ɗaya na ja, ɗaya na shuɗi. Babu launi a jikin ko ɗayansu. Sai an zo bugawa ake haɗa ukun da rini, ɗaya a kan ɗaya, hoto mai launi ya fito. Alherin tsarin shi ne launin ba ya kodewa kamar na finafinan da suka biyo baya, domin bayanin yana ajiye ne a baƙi da fari. Sharrinsa kuma shi ne zare ukun ba sa tsufa tare. Wannan ya ɗan tsuke, wancan ya ɗan lanƙwashe, idan aka ɗora su ba za su hau kan juna daidai ba. Abin da ake samu shi ne irin atamfar nan da aka yi ganganci wajen bugawa, zanen fure yana nan, launinsa ya zame gefe. A fuskar mutum sai ka ga wani jan layi a kunne, kore a gefen hanci. Tsofaffin bugun fim ɗin sun sha wannan suka daga masu kallo.

Abin da masu gyaran 2020 suka yi shi ne ɗaukar kowane zare daban a na'ura da ingancin 4K, sannan su daidaita ukun a kwamfuta har gefen kowane abu ya koma layi ɗaya. Aiki ne na haƙuri, kuma babu mai tafa wa wanda ya yi shi, domin idan ya yi kyau ba a ganinsa. Jarabar da ke cikinsa ita ce a wuce gona da iri: a goge ƙwayar fim ɗin har fuskoki su koma kamar na roba, ko a ƙara haske don a burge mai sabuwar talabijin. A ganina ba su faɗa wannan ramin ba, kuma a nan ne jinjinar ta fi ƙarfi. Otto Heller, mai ɗaukar hoton, da gangan ya cika fim ɗin da duhu. Shigowar Farfesa ta farko inuwa ce kawai ke zagaya tagogin gidan, salon finafinan ban tsoro, kafin a buɗe ƙofa a ga haƙora. Cikin falon tsohuwa launuka ne masu laushi na zamanin da ya wuce, ruwan hoda da shuɗi mai haske da labule mai furanni. Bayan gidan kuwa baƙin gawayi ne da toka da tururin jirgi. Barkwancin fim ɗin yana tsakanin waɗannan wurare biyu, ƙofa ɗaya ta raba shan shayi da jefa gawa. Idan duhun ya koma ruwan toka, falon kuma ya dushe, an rage wa dariyar kaifi ko da ba a cire kalma ɗaya ba.

Akwai kuma Landan ɗin da gyaran ya maido. Gidan ba gidan kowa ba ne, gina shi aka yi don fim ɗin a ƙarshen titin Frederica, a saman bakin ramin jirgi na Copenhagen, amma abin da ake hangowa daga ƙofar gida titin Argyle ne da hasumiyar St Pancras, wuri daban. Jiragen tururi da suka cika fim ɗin an daina aiki da su a layin dogon Birtaniya a 1968, unguwar King's Cross kuma an sake ta har wanda ya san ta da ba zai gane ta ba. Yanzu ana iya karanta rubutun shaguna, a ga baƙin hayaƙi a jikin bulo. A shekarar da fim ɗin ya fito aka sayar wa BBC sutudiyon Ealing, inda aka shirya shi, daraktansa Alexander Mackendrick kuma ya tafi Amurka, inda ya yi Sweet Smell of Success a 1957. Wani abin dariya a gefe: fim ɗin da ake ɗauka babu wanda ya kai shi zama na Ingila, marubucinsa Ba'amurke ne, daraktansa a Boston aka haife shi ya tashi a Glasgow, mai ɗaukar hotonsa da ɗaya daga cikin jarumansa 'yan Prague ne, yau kuma kamfanin Faransa ne ya mallake shi ya kashe kuɗin gyaransa, bayan taskar Ealing ta bi hannu da hannu ta EMI da Cannon da wasunsu. 'Yan'uwan nan Coen sun sake yin labarin a 2004 da Tom Hanks, suka mayar da shi Mississippi. Ba shi da abin da zai nuna wa na asali, kuma ba sai an tsaya a kansa ba.

An yaba. Amma wanda ya iya wannan aiki ya ɗora wa kansa wasu, kuma ba za a yi shiru a kansu ba.

The Ladykillers ba maraya ba ne. Fim ne mai suna, mai Guinness da Sellers, wanda ko yaya aka buga shi za a saya. An fitar da shi a kaset, an fitar a DVD, an fitar a Blu-ray a 2010, aka sake a 2020. Gyara shi kasuwanci ne mai riba, kuma babu laifi a riba. Gwajin gaskiya yana kan finafinan da ba su da mai tsaya musu. Taskar StudioCanal tana ɗauke da ɗaruruwan finafinan Birtaniya na shekarun 1930 zuwa 1970 da babu wani tauraro a kwalinsu. Da yawansu wani ƙaramin kamfani ne, Network, yake karɓar lasisi yana fitar da su a faifai mai sauƙin kuɗi, kuma kamfanin ya durƙushe a 2023. Zaren fim ba ya jiran kowa: na kafin farkon shekarun 1950 yana iya kamawa da wuta, na bayansa kuma yana ruɓewa yana warin tsami idan ba a ajiye shi a sanyi ba. BFI ta fitar da jerin finafinai 75 da take nema ruwa a jallo a 2010, cikinsu har da The Mountain Eagle na Hitchcock. Idan na Hitchcock zai iya ɓata, ina ga na wanda ba a san sunansa ba? An ga alamar cewa kamfanin StudioCanal yana iyawa idan ya so, domin ya gyara Pool of London na 1951, fim ɗin Ealing da ya ba Earl Cameron, baƙar fata ɗan Bermuda, babban matsayi a lokacin da hakan baƙon abu ne a sinimar Birtaniya. Irin wannan ake so ya zama al'ada. Wani kaso na ribar tsohuwar King's Cross ya kamata ya riƙa tafiya kan waɗanda ba za su taɓa mayar da kuɗinsu ba.

Sai maganar bayanin da ake haɗawa da faifai. Akwai sharhin Philip Kemp, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan Mackendrick, kuma ya san aikinsa. Mackendrick da kansa ya bar bayani cewa fim ɗin habaici ne ga Ingilar bayan yaƙi: a cikin abokan Farfesa huɗu, Manjo na bogi yana wakiltar masu mulkin da suka lalace, ɗan damben talakawa ne, Harry matasan banza, Louis baƙon da ba a yarda da shi ba, dukansu kuma suka zo suka fashe a jikin tsohuwar da ke tsaye a madadin Ingilar da ta ƙi motsawa. Charles Barr, a littafinsa kan Ealing, ya karanta 'yan fashin a matsayin gwamnatin Leba ta 1945 da ta shiga gidan da niyyar raba dukiya, tsohon tsari ya cinye ta da shayi da ladabi. Duk wannan daidai ne, amma kallo ne daga cikin gida. Mai kallo daga ƙasar da Ingila ta mulka zai tsaya a wani wuri daban. Akun tsohuwar sunansa Janar Gordon, wato sunan gwamnan da dakarun Mahadi suka kashe a Khartoum a 1885, wanda Turawa suka mayar gwarzon daula. A fim ɗin ya zama tsuntsu mai ƙin shan magani, ya tsere kan rufi, ƙattai na binsa suna faɗuwa. Fim ɗin ya fito a Disamba 1955, Sudan ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, rikicin Suez ya biyo baya a shekarar. Tsohuwar tana ba da labarin ranar da aka katse bikin cikarta shekara 21 don labarin mutuwar Sarauniya Victoria ya iso. Gidanta daula ce da ta karkace, amma har yanzu ita ke cewa a zauna a miƙe, kuma a ƙarshe kuɗin da ba ta san yadda aka tara su ba suna hannunta, hukuma ta ce ta riƙe. Wannan karatun ya cancanci kujera a faifan. Akwai masana fim a Khartoum da Kano da Accra da Delhi da za su yi shi da kyau, kuma gayyatar ɗaya daga cikinsu ba za ta kai kuɗin buga kwali ba.

Nauyin da ya fi duka shi ne na isarwa. Bugun alfarma na 2020 ya zo a akwati mai faifai da yawa da ɗan littafi, an yi shi ne don masu tara faifai da ke da na'urar 4K a falo. Su ma jama'a ne, kuma kuɗinsu ne ke riƙe da wannan sana'a. Amma su 'yan kaɗan ne ko a Ingila. A wajenmu kuwa, Blu-ray na Birtaniya yana aiki a Afirka domin yankin lambarsu ɗaya, sai dai mutum nawa ke da na'urar? DVD ɗin da mutane suka fi sani, na Birtaniya yana yanki na 2, Najeriya da Nijar suna na 5. Yawancin masu kallo ma sun bar faifai gaba ɗaya, waya ce sinimarsu. Da a ce StudioCanal baƙo ne a nahiyar nan, da sai a ce ba huruminsa ba ne. Amma uwar kamfanin ita ce Canal+, wadda dikodarta ke gidaje a Yamai da Maraɗi da Damagaram, wadda ta sayi kamfanin shirya finafinai na ROK a Najeriya a 2019, ta kuma karɓi ragamar MultiChoice mai DStv da GOtv a 2025. Hannu ɗaya ke riƙe da fim ɗin, hannu ɗaya ke riƙe da hanyar shiga gidajen mutane. Babu kwastan a tsakani, babu lasisin da za a roƙa a wurin wani.

Masu kallon kuma suna nan. Mutanen da suka mayar da finafinan Indiya masu fassarar Hausa babbar kasuwa ba sai an koya musu kallon fim ɗin wata ƙasa ba. Sun kuma san darajar gyara: Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya ɓata, aka gano zarensa a Legas, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Labarin tsohuwar da kunya da ladabi suka hana ƙattai biyar taɓa ta kuwa, babu Bahaushen da zai nemi a yi masa bayani. Ɗan damben yana kiranta da sunan uwa, kuma tun daga ranar da ya fara kiranta haka shirin ya mutu.

Fassarar ce za ta buƙaci kulawa, kuma a nan ne bai kamata kamfanin ya yi arha ba. Salon fassarar da aka saba, inda mai magana ke cike kowane gurbi da zolaya da ƙarin gishiri, zai kashe wannan fim. Rabin dariyarsa shiru ne: kallon da Louis ke yi wa Farfesa, ƙattai biyar riƙe da kofin shayi a tsakiyar tsofaffin mata ana tilasta musu waƙa, kiɗan Boccherini yana ci gaba alhali babu mai riƙe da goge. Ana buƙatar marubucin Hausa da zai zauna da rubutun Rose ya nemo wa Farfesa irin ladabin nan mai sanyi da ke sa tsikar jiki tashi, da 'yar wasa dattijuwa mai muryar da ba ta roƙo ba ta faɗa, da darakta mai ƙarfin halin barin wurin da babu magana ya zauna babu magana. Kano tana da duka ukun. Fim ɗin minti 90 ne da ɗan ɗoriya, masu magana a cikinsa ba su da yawa, kuma an riga an biya kuɗin aikin da ya fi tsada tun 2020.